Mi Ya Kai Ka Can? Jawabi a Taron Katsinawa da Daurawa Mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, Allah ya ƙara girma. Dattawanmu da malamanmu, Allah ya ja da kwana. Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba suna tuƙa mana tuwo, Allah ya saka da alheri. 'Yan uwa da suka taso daga Landan da sauran garuruwa, wasu ma daga aikin dare suka zarce nan ko runtsawa ba su yi ba, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan aiki da yadda mutum zai ci moriyar lokacinsa. Zan fara da abin kunyar kaina, tunda a gida muke.

Ina shekara ta huɗu a ƙasar nan, na kira Hajiyarmu wata ranar Juma'a ina yi mata ƙorafin gajiya. Lokacin ina yin awa 12 a gidan kula da tsofaffi, in na tashi kuma in shiga mota ina kai wa mutane abinci har tsakar dare. Ta saurare ni tsaf, sannan da Katsinancinta ta ce, "To wai kai mi ya kai ka can?" Na ce neman kuɗi mana, Hajiya. Ta ce, "Kuɗin mi?" Na yi shiru har ta zaci layin ya yanke.

A daren nan na ɗauko biro na bi sawun gumina na shekara huɗu. Ga fili a bayan gari an zuba harsashin gini, ciyawa ta rufe shi. Ga adaidaita sahu da na saya wa wani ɗan uwa, tana jingine babu taya. Ga kwas ɗin da na biya rabin kuɗinsa ban ƙarasa ba. Ga gudunmawar biki da suna, wannan kam ba ta lissafuwa. Babu na haram ko ɗaya a ciki, kuma babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa huɗu na cusa a baki.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na yi kuskure. Hadisin da muka fara haddacewa a Islamiyya shi ne na niyya, kuma yawancinmu a rabinsa muke tsayawa. Ƙarshensa a kan hijira yake magana: wanda ya yi hijira don wata duniya da zai samu, ko don wata mace da zai aura, to hijirarsa tana ga abin da ya yi ta dominsa. Mu da muka bar Ƙofar Soro da Ƙofar Marusa da gefen Kusugu muka zo muna sanya riga uku don sanyi, wannan rabin namu ne. Neman halal ba laifi ba ne. Amma ka san sunan abin da ka fito nema.

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su fi mu ƙarfi ba. Abin da suka fi mu shi ne, kafin ayari ya fita ƙofar gari, madugu ya san zangon farko, ya san inda za a yada kaya a sayar, ya san lokacin da dole a juyo kafin damina ta cika rafuka. Mu kuwa mun san ranar da jirginmu ya sauka, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa yanke zango ko ɗaya ba.

Abin da yake ruɗarmu kuma shi ne canji. Tun da aka saki naira a 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, duk wanda aka kira ya ƙara awa sai ya buga lissafi da naira, ya ga kuɗi jingim, ya amsa. Haya da kuɗin wuta da harajin kansila kuwa da fam ake biyansu. Ƙannenmu ɗalibai, ku nake ji wa. Bizarku awa 20 ta yarje muku a mako lokacin karatu. Takardar digiri ce ta kawo ku. In aikin ya cinye karatun, an yi ba a yi ba.

Ni dai abin da na yi ba shi da wata dabara. Na zaɓi kwas ɗin nan, na rubuta ranar da nake son gamawa na liƙa a jikin firji, na ajiye kai abinci. Na kira 'yan uwa na ce musu ga abin da zan iya turowa duk wata, ba ƙari sai rashin lafiya. An yi fushi, har aka ce na zama Bature. Daga baya fushin ya huce. Ginin ma yanzu an kai linta.

Ranka ya daɗe shugaba, ka yi mini afuwa, zan taɓa ƙungiyarmu. Ku tuna Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda gininta yanzu gidan tarihi ne. Manufarta guda ce, horar da malaman makaranta. Manufar Turawa ce, don amfanin mulkinsu, ban musa ba, amma sun san abin da suke so. Sardauna ya fito daga can ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi, sauran labarin kun san shi. Mu fa? Duk wata muna karɓar kuɗin ƙungiya. In an tambayi mamba na mene ne, sai ya ce na taimakon gida. Wane gida, wane taimako? Bara mun yi maganar rijiyar burtsatse, da kuɗin jarrabawar marayu, da maganin asibiti, duk a zama ɗaya, muka tashi ba mu ɗauki ko ɗaya ba.

Shawarata ita ce yau mu zaɓi aiki ɗaya tak na shekarar nan, mu sa masa adadin kuɗi, da ranar gamawa, da sunayen mutum biyu da za mu tsare da tambaya a taro na gaba. Ni kuɗin jarrabawar marayu zan zaɓa, don yana da rasit kuma yana da lokacin rufewa, ba ya jiran mu gama gardama. Amma in jama'a sun fi son rijiya, hannuna na sama tare da su.

Sakatare ya raba ƙananan takardu a kan kujeru. Kowa ya rubuta guda ɗaya, a tattara kafin a buɗe kulolin tuwo, don na san mu, in aka buɗe babu mai sake ganin biro. Malam Sakatare, bismillah. Wassalamu alaikum.