Zanin gado a rana, sange a inuwa

[Hoto: igiyar shanya a wani tsakar gida a unguwar Boukoki, da hantsi]

Ku dubi igiyar nan da kyau. Ga zanin gado biyu, ga rigunan filo, ga bargon yara. Farin can na gefe da iska ke kaɗawa kuma sange ne, gidan sauro. Shi ne bai kamata ya hau igiyar nan ba, kuma saboda shi muka fito da kyamara yau.

Kwanakin nan wani saƙon murya yana ta zagaya wayoyin matan Yamai, yana cewa duk kayan kwanciya a wanke su da tafasasshen ruwa, a zuba jabel, ruwan nan mai sa kaya fari, a baza a rana. Rabin maganar gaskiya ce. Bari mu fara da rabin da yake gaskiya, da sauri.

[Hoto: ana cire zanin gado daga katifa]

Zanin gado, a wanke sau ɗaya a mako. A bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma a ɗauke wuta cikin dare, mutum ya tashi ya tarar zanin ya jiƙe sharkaf, kada a jira mako ya cika. Rigar filo ta fi saurin datti, ga man gashi, ga zufa, ga yawun barci, gara a canza ta duk kwana uku ko huɗu. A hunturu kuwa ƙura ce matsalar, a kakkaɓe da safe a rufe gadon da wani zani. Yaron da ya yi fitsarin kwance, a ranar za a wanke, ba gobe ba.

Idan akwai mai ƙazuwa a gida, nan ruwan zafi ke da amfani, wajen digiri 60. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda kwana uku ko fiye, domin ƙwaron ƙazuwa ba ya daɗewa idan ya rabu da jikin mutum. Katifa a jingina ta a rana ta sha iska. Amma masu fama da kuɗin cizo, kada ku dogara da rana kaɗai, cikin ɗinkin katifa da ramukan katakon gado yake ɓuya.

Shi ke nan batun zani. Yanzu mu dawo kan sange.

[Hoto: hannu yana murza zaren sange, kusa sosai]

Sangen da ake rabawa a gidajen likita, ko wanda ake ba mata masu ciki a wurin awo, ba labule ba ne. Zarensa na ɗauke da maganin kashe sauro. Sauro ya sauka a kai, maganin ya taɓa ƙafafunsa, ya faɗi. Ko da ɗan rami ya ɓulle a jiki, maganin na nan yana aiki. To, ban da yawan wanki, abin da ke cinye maganin nan abu uku ne, kuma duk ukun suna cikin saƙon can: ruwan zafi, jabel, da hasken rana.

Na ga wannan da idona a gidan wata gwaggona. Mace ce mai tsabta ƙwarai, kowace Asabar sai ta haɗa sange da zannuwa a baho ɗaya, ta zuba omo har kumfa ya tashi, ta dirza, ta matse, ta shanya a kan katanga tun hantsi har la'asar. Sangen ya fito fari fat, gwanin sha'awa. Da damina ta kankama, na leƙa da dare na ga sauro sun jeru a jikinsa, zaune abinsu, suna jiran hannun jikanta ya jingina da zaren. Na ce mata, Gwaggo, tsabtar ce ta wanke maganin. Ta yi shiru, ta ce ai ba wanda ya taɓa gaya mata. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba sakaci ta yi ba.

Ana ƙera sangen ne ya jure wanki kamar 20, ya yi shekara uku yana aiki. Ku yi lissafi da kanku. Wanda ke wanke shi kowane mako, cikin wata biyar ya cinye wankin shekara uku.

[Hoto: baho, ruwan sanyi, sabulun wanki na sanda]

Ga yadda ake yi. Ruwan randa, mai sanyi. Sabulu na sanda, kaɗan. A tsoma, a ɗaga, a tsoma, a hankali kamar ana wanke mayafi mai tsada. Ba dirza, ba bugawa a dutse. Sau ɗaya a wata uku ya isa, sai fa idan ya yi datti na gaske. Tsakanin wanki da wanki, kakkaɓewa kawai yake so, da safe kuma a naɗe shi sama kada yara su ja shi.

Masu kai wanki bakin kogin Isa, don Allah a cire sange daga ƙunshin. Ruwan wankinsa yana kashe kifi, a zuba shi a ƙasa nesa da rijiya da tabki.

[Hoto: ana shimfiɗa sange a ƙarƙashin bedi]

Shanya kuma a nan, gindin bedi, ko ƙarƙashin rumfa, ko cikin zaure inda iska ke ratsawa. Zarensa siriri ne, da iskar Yamai ba ya daɗewa ya bushe. Sabon sange ma haka, idan an ciro shi daga leda a baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, don kada ya sa ƙaiƙayin fuska.

[Hoto: igiyar farko, hannu yana sauke sangen]

Inna, a miƙo mana wancan farin. Zannuwan a bar su nan, su sha rana har su bushe ƙayau kafin a ninke.