Sabon dandamalin katakon sida: yadda ake shirya shi a shafa masa mai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dandamalin katakon da ake kafawa a filin da ke ta bayan gidan zama, irinsa ya cika gidajen Amurka da Kanada, nan iyali ke zama shan iska da gasa nama idan zafi ya shigo. Wanda za mu yi magana a kai na katakon jan sida ne (wata bishiya da Turawa ke kira cedar), wanda ake sarowa daga dazuzzukan Biritish Kolombiya da jihohin Washinton da Oregon. Ana ƙaunarsa saboda Allah Ya halicce shi da wani sinadari a jiki mai hana shi saurin ruɓewa. Sai dai rana ba ta raga masa. Ku bar shi haka nan, cikin 'yan watanni jan nan mai kyau zai koma ruwan toka.

Shi ya sa ake shafa masa mai. To, amma kada ku yi gaggawar buɗe gwangwanin man. Katakon da bai bushe ba, ba ya shan mai. Idan kuna da na'urar gwada danshi, ku soka ta a wurare da dama, ana son ta nuna kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka. Idan babu, ku yayyafa ruwa kaɗan. Ya tsotse shi cikin 'yan mintoci? Madalla. Ya tsaya dunƙule-dunƙule a sama? Da sauran aiki.

Wani lokaci ba danshi ne ke hana shi sha ba. Ku dubi sheƙin da ke fuskar sabon katako. Injin da ya goge shi a masana'anta ne ya danne ƙofofinsa, dole a buɗe su. Ku fara da wanki da garin wanke katako mai iskar oksijin, a jiƙa shi da ruwa, a bi da burushi mai taushi. Bilic mai kulorin kuwa ku nisanta shi, yana kashe launi, yana kuma cinye jikin katakon. Injin feshin ruwa ma ku sassauta masa ƙarfi, domin sida itace ne mai laushi ƙwarai, ruwa mai ƙarfi zai yi masa zane da ba ya gyaruwa. Ku ɗauraye, ku ba shi kwana biyu ya bushe.

Sai samfefa, lamba 60 zuwa 80, kuna bin tsawon katakon, ba ku gicciya ba. Na ga masu son santsi suna ɗauko lamba 150, wannan sake toshe ƙofofin ne kawai. Ku share ƙurar tas, har wadda ta maƙale tsakanin katakai.

A nan ina roƙonku ku saurara da kyau. Kada soson ƙarfe ya kusanci sida. Akwai wani ruwa a jikinsa wanda da zarar ya haɗu da ɓurɓushin ƙarfe da laima, sai baƙin tabo ya fito. Haka ma ƙusa ta gama-gari, za ku ga baƙi ya kewaye kanta. Shi ya sa kafintocin can ke amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan tabon ya riga ya fito, asid ɗin oksalik yana ɗauke shi.

Me za a shafa? Ni dai ba na ba kowa shawarar fenti a wurin da ake takawa, zama yake yi a sama, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɓantale. Ku nemi mai wanda ke ratsa katako, mai ɗan launi a ciki. Launin nan shi ne ke tare hasken rana, amma bai rufe zanen itacen ba. Wanda ba shi da launi sam, ba ya daɗewa.

Ku zaɓi ranar da zafi ke tsakanin digiri 10 da 30 a ma'aunin Selsiyos, babu alamar hadari na awa 48, kuma wurin yana inuwa. Ku motsa man sosai, ku gwada a guntun katako tukuna. Sannan ku ɗauki katakai biyu ko uku, ku bi su daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tsayawa, don kada mahaɗar ta nuna. Bakin katako inda zarto ya yanka ya fi ko'ina shan ruwa, ku ƙosar da shi. Bayan kamar minti 15 zuwa 30, duk man da bai shige ba ku goge shi da tsumma, in ba haka ba zai yi danƙo.

Tsummokaran nan kuma kada a tara su wuri guda. Mai irin wannan yana yin zafi yayin bushewa, tsumma na iya kama wuta da kansa. Ku shanya su ɗai-ɗai a waje, ko ku tsoma su a bokitin ƙarfe mai ruwa.

Ku ba dandamalin kwana biyu kafin a mayar da kujeru. Bayan shekara ɗaya, ku sake yayyafa ruwan nan. Idan ya tsotse nan take, ku wanke ku ƙara shafi ɗaya marar kauri.