Bare, bear, beer: abin da ƙamus bai gaya min ba kafin na zo Landan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu na taso daga aiki, ina takawa zuwa tashar Stratford ne, ku yi haƙuri da ƙarar iska da motoci, sanyin yau sai a hankali. Maganar da zan yi ta daɗe tana cina, musamman da wata ƙanwarmu da ta zo karatu ta kira ni jiya ranta a ɓace wai an yi mata dariya a aji kan kalma ɗaya, kuma yarinyar nan wallahi ta iya turanci, ta ci jarabawarta da kyau kafin ta zo.

Bari in fara da abin da ya same ni. Satina na farko a sito ɗin da nake aiki, wani yaro ɗan nan garin ya ce min "there's bare boxes at the back". To ni a ƙamus na san bare tsirara ne, ko fayau, wurin da babu komai, sai na ɗauka yana nufin kwalayen sun ƙare ko fanko ne. Ina zuwa baya na tarar da kwalaye tuli har sun kusa taɓa rufi. Ashe a bakin yaran Landan bare na nufin da yawa, jingim, wato kusan kishiyar abin da aka koya mana. Daga bakin mutanen Jamaika kalmar ta samo wannan ma'anar, waɗanda suka fara zuwa da yawa tun 1948, ƴaƴansu da jikokinsu suka cakuɗa da sauran yaran unguwa har harshen ya zama na kowa, masana suna ce masa Multicultural London English. Sannan ga bear, dabbar nan, sautinsu ɗaya sak da bare, kuma ita ma bear ɗin tana nufin jurewa. Ga beer kuma, giya, wadda idan ba ka buɗe baki da kyau ba duka ukun a wuri ɗaya suke fitowa, kai kana cewa ba za ka iya jurewa ba, mutum yana jin kana maganar giya.

Sai peak. Mu a gida madarar Peak muka sani, a ƙamus kuma ƙololuwa ce, kamar ta dutse. A jirgin ƙasa da zan hau yanzu peak shi ne lokacin da kuɗin ya fi tsada, Litinin zuwa Juma'a daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4 zuwa 7 na yamma. Amma idan ka gaya wa matashi an sace maka waya ya ce "that's peak", jajanta maka yake, ma'ana abin bai yi daɗi ba, kaico. Wanda bai sani ba zai ɗauka murna yake masa, har a yi faɗa a banza. Akwai kuma peek, leƙe, ita ma sautin ɗaya. Dough ƙullin fulawa ne, a titi kuɗi ne, doe kuma macen barewa, wannan ba ta cika kawo matsala ba.

Inda matsalar take da gaske shi ne abin da ya samu ƙanwar tamu. Sheet ta so ta ce, takarda, sai ta gajarta wasalin, ta fito kalmar nan ta ƙazanta da ba zan faɗa a nan ba. Haka beach, bakin teku, kana gajarta ta ta koma zagi mai muni ga mace. Abin da na gaya mata shi ne, ke Bahaushiya ce fa, kunnenki ya riga ya san wannan aikin tun kina goye. Gari da ake zama a cikinsa da garin tuwo, me ya raba su? Jan wasali ne kawai, kuma ba Bahaushen da zai rikita su a baki duk da rubutunsu ɗaya. To ki ja sheet ɗin kamar yadda kike jan garin tuwo, shi ke nan. Mun maimaita a waya kusan sau ashirin har ta kama.

Wanda ya fi ba mu wuya mu Hausawa dai p da f ne, don harshenmu bai raba su ba. Fork da pork, dan Allah ku kula da wannan a gidan abinci, cokali mai yatsu kake nema amma naman alade aka ji. Ku haɗa leɓɓa gam kafin p, ku ɗora haƙori kan leɓen ƙasa kafin f.

Ni ban raina ƙamus ba, amma a baya yake tafiya kullum, titi na gaba. Ku duba, sai a Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya saka kalmomin turancin Najeriya guda 29, har da okada da danfo da Kannywood, alhali mun shekara nawa muna faɗarsu. Wasu kuma Urban Dictionary suke buɗewa, ƙamusun kalmomin titi na intanet, wanda yake nan tun 1999, to kowa ne ke rubutawa a ciki, batsa da ƙarya sun yi yawa, sau da yawa za ka nemi kalma mai tsabta ka fito da ma'anar da ba wanda ke amfani da ita. Ni yanzu idan na ji abin da bai shige ni ba tambaya nake a take, me kake nufi, kuma har yau ba wanda ya ƙi yi min bayani. Kalmomin titin nan ina ganewa amma ba na sa su a bakina wurin manaja ko neman aiki.

To ga jirgina nan ya iso, ƙarfe 7 ta wuce, kuɗin ya sauka. Sai na isa gida, Allah ya bar zumunci.