Me Ya Sa Muka Juya Ana Hango Saman Dutse?

[Hoto: ɗan gajeren bidiyon da ya yaɗu, mutum tara sun juya baya, kwalin kek a hannun ɗaya]

Wannan bidiyon na daƙiƙa 30 kun gan shi, kun kuma yi ta magana a kansa. Wasu sun ce ragwanci ne, wasu sun ce Basakkwace ina shi ina dutse. To, ni ne mai jar hular nan ta baya, kuma ni na ce a juya. Ku ba ni minti biyar.

Da farko, a gurguje. Akwai abokinmu da aka haifa a watan Disamba. Duk shekara, maimakon a kama zaure a ci a sha a watse, sai mu haɗa kuɗin mota mu je mu hau dutse, mu yi masa addu'ar ƙarin shekaru masu albarka, mu yanka kek. Sakkwato gari ne shimfiɗaɗɗe, sai dai mu fita neman dutse. A da Kwatarkwashi muke zuwa, can gaba da Gusau kaɗan, dutsen da duk matafiyin da ya bi hanyar Tsafe ya san shi. Halin tsaron Zamfara ya raba mu da shi, kuma har yau in muka wuce ta gefensa sai motar ta yi tsit. Yanzu Kufena muke zuwa a Zariya. Tafiyar rana kawai muke yi, mu kwana a gari, mu gaisa da mutanen wurin, mu ɗauki ɗan gari ya yi mana jagora.

[Hoto: hanya, Talata Mafara, Gusau, Funtuwa, sai asuba a gindin dutse]

Takalmi kambas mai kaushin ƙasa, ban da silifa. Hula, dabino, ƙuli-ƙuli. Wannan duk kun sani, ku kalli hotuna.

Ga inda ake kuskure. Mutane suna ɗauka in ka kai sama ka gama. Alhali rabin tafiya ka yi, kuma rabin da ya rage shi ne mai haɗarin. Shi ya sa tun a ƙasa, bayan sallar asuba, kafin kowa ya taka dutse, muke yanke lokacin juyawa. Namu ƙarfe 9:30 ne. In ya buga, duk inda muke, ko da hannu zai iya taɓa saman, baya za mu yi. A ƙasa ake yanke shi domin a ƙasa hankali yake kwance. In ka bari sai kana can, zuciya ce za ta yi maka lissafi, ita kuwa kullum cewa take saura kaɗan.

[Hoto: ƙafa tana sauka a kan falalen dutse, a hankali]

Ku dubi ƙafar nan da kyau. Lokacin hawa, naman cinya turawa yake yi. Lokacin sauka kuwa birki yake takawa, yana miƙewa yana riƙe da nauyin jikinka duka a kowane taku. Wannan aikin birkin shi ke sa cinya ta fara rawa, shi ne kuma ciwon da ke kama mutum bayan kwana ɗaya ko biyu, har sujada ta yi masa wuya. Kuma ka tuna da ƙafar da ta riga ta gaji za ka yi shi. A hawa, in ka zame, hannunka na kusa da dutse, sai ka dafa. A sauka babu abin dafawa a gabanka sai iska. Ga 'yar tsakuwar nan da ke kwance a kan falale, tana mirginawa ƙarƙashin takalmi kamar an zuba gero a kan siminti.

Sai rana. Dutsen da ka taɓa da sanyin safiya, kafin azahar ya koma kamar tanda, zafi daga sama, zafi daga ƙasa. Mu da muka saba da zafin Afrilu, wanda ke wuce digiri 40 a Sakkwato, mukan ce me ranar Disamba za ta yi mana. Nan hunturu ke yaudarar mutum. Iskar a bushe take, gumi na fita tana lashe shi nan take, rigarka ba ta jiƙe ba, sai ka ɗauka ba ka yi asarar komai ba. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi kuwa yana iya zubar da lita guda ta ruwa a awa ɗaya.

Don haka ruwan ma muna raba shi tun a ƙasa. Kowa lita uku: ɗaya ta hawa, biyu na sauka da ko-ta-kwana. Gora guda a jakata ta ruwan gishiri da sukari ce, irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

[Hoto: babu. Baƙin allo, murya kawai]

Wannan wurin ba mu ɗauka ba, domin ba wanda ya tuna da waya. Wajen ƙarfe 9:00 na lura ƙanen mai bikin, wanda bana ce zuwansa na farko, ya daina surutu. Yaron da tun daga Dange bai bar kowa ya runtsa ba. Na matsa kusa, na ga leɓensa ya tsage, gorarsa ta biyu ta kusa ƙarewa. Na ce, "Ƙanena, mi ya hwaru?" Ya ce, "Ba komai, Yaya, kaina ne ke ɗan juyawa." Ya tashi zai taka, sai gwiwar ta lanƙwashe. Muka zaunar da shi a inuwar wani dutse, muka jiƙa rawani muka ɗora masa a wuya, yana kurɓar ruwan gishirin kaɗan-kaɗan. Da ya fara rikicewa ko maganarsa ta soma harɗewa, da asibiti za mu nufa kai tsaye, domin wannan alamar bugun zafi ce, kuma yana kisa. Alhamdu lillahi bai kai nan ba. Kafin ya dawo daidai, 9:30 ta yi. Mai bikin ya ɗaga kai ya dubi saman, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Mu tai gida." Daga nan mai wayar ya fara ɗauka, abin da kuka gani ke nan.

Wani ya rubuta cewa ai da sai a bar mutum biyu da yaron, sauran su ƙarasa. Ban yarda ba. Jagora ɗaya gare mu, kuma bikin na mutum tara ne.

[Hoto: sauka, a jere]

Yadda ake saukar: gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka jingina baya. A wuri mai gangara sosai ka bi a karkace, ko ka zauna ka ja jiki, ba abin kunya ba ne. A bar tazara tsakanin mutum da mutum saboda dutsen da ka iya gangarowa. Mafi rauni a sa shi kusa da jagora, mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe. Hoto kuma sai an tsaya cak.

[Hoto: gindin bishiya, an buɗe kwali]

Ga kek ɗin, ya ɗan karkace a kwali amma lafiyarsa ƙalau. A nan muka yanka shi wajen ƙarfe 11:30, jagoranmu ya ja addu'a, yaron nan ya cinye yanka biyu ya koma surutunsa. Baɗi, in Allah Ya kai mu, ya ce shi zai riƙe agogo.