Ya tashi daga keken guragu bayan wasa: maguɗi ne?

[Hoto: an busa tashi a wasan ƙwallon kwando na keke, wani ɗan wasa ya miƙe tsaye]

Yawwa, a tsayar da hoton a nan. Wannan miƙewar ce ake ta turawa a zaurukan WhatsApp daga Birnin Kebbi har Gusau, ana cewa ai lafiyarsa ƙalau, cin haƙƙin guragu kawai ya zo yi. Jama'a, ba haka abin yake ba.

Kafin ɗan wasa ya shiga gasa sai an tantance shi. Ya kawo takardun asibiti, ƙwararru su duba jikinsa, sannan su kalle shi yana wasa. Ba tambayarsu ba ce ko yana iya taka ƙasa. Abin da suke bi shi ne: nakasar ta dindindin ce? Kuma yaya take rage masa motsi a cikin wannan wasan?

[Hoto kusa: ɗan wasa ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo]

Ku lura da ƙugunsa. Wanda ba ya iya sunkuyawa ko juyawa sai ya dafa keke, maki 1 ake ba shi. Wanda gangar jikinsa ke juyawa ko'ina, matsalar a ƙafa ɗaya take, misali an yanke ta ƙasa da gwiwa, shi ne mai maki 4.5. Irinsa ne kuka ga ya miƙe. Yana tafiya, amma gudu da tsalle na ƙwallon masu ƙafa sun fi ƙarfinsa.

To ga inda daɗin yake. 'Yan wasa 5 da ke fili, in an haɗa makinsu, ba zai wuce 14 ba. Mu yi lissafi tare. Koci ya zuba masu 4.5 guda 2, maki 9 sun tafi, saura 5 zai raba wa mutum 3. Dole ya nemo mai maki 1 ko 1.5. Ashe yaron nan da shan inna ta taɓa sosai, wanda ake ganin bai da amfani a fili, ba a haɗa irin wannan ƙungiya sai da irinsa. Ni dai wannan ƙa'ida tana burge ni ƙwarai.

[Hotuna da sauri: tsere, ɗaga ƙarfe]

Masu larurar gani ajinsu T11 zuwa T13 a tsere, 'yan T11 da ɗaurin ido da ɗan jagora. Ɗaga ƙarfe kuwa da nauyin jiki ake raba shi. Maguɗi? An taɓa yi. A gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a Sidni a 2000 an ƙwace zinaren ƙwallon kwando daga Sifaniya, bayan an gano 10 cikin 'yan wasanta 12 ba su da larurar ƙwaƙwalwar da suka ce.

A Faris a 2024, 'yan Najeriya masu lafiya sun dawo daga Olamfik hannu rabbana. Nakasassunmu suka kawo lambobi 7 daga tasu gasar, 2 na zinare, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167.

[Hoto: ƙofar filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi]

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron Argungu ko Talata Mafara mai ƙarfin damtse. Kafin ya kai gaban masu tantancewa sai ya sami kuɗin mota, da kuɗin takardar likita, da keken wasa mai karkatattun tayoyi, wanda ya sha bamban da keken hannu na yawon gari. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar keke. Wa'adin ya cika a 2024. In kun je kallon ƙwallo a garinku, ku duba ƙofa da banɗaki, ku gaya mana a ƙasa ko keke na shiga.