Mutumin da Ya Ajiye Fasfon Birtaniya Ya Koma Gida

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a Glasgow nake, unguwar Pollokshields, kuma sanyi yau ba ya wasa. Wallahi wani labari na ji da ya sa na tsaya cak a bakin titi da buhun shinkafa a kafaɗa.

Kantin wani dattijo ɗan Pakistan na shiga, shinkafa da man girki kawai, fam 27 suka tafi. Muna hira na ce, "Baba, ku dai Allah ya yi muku buɗi a garin nan." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka san Mohammad Sarwar?" Ya jawo min kujera.

Ashe mutumin nan a yankin Punjab na Pakistan aka haife shi a 1952, ya zo nan ya kama kasuwanci kamar kowa, har shi da ɗan'uwansa suka kafa babban kamfanin sari, inda masu ƙananan kantuna ke zuwa ɗaukar kaya. A 1992 ya zama kansilan wannan unguwa da nake tsaye a cikinta. A 1997 ya ci kujerar mazaɓar Govan ta nan Glasgow a jam'iyyar Labour, ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin Birtaniya, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani. Ɗan kasuwa fa!

Abin da ya fi ratsa ni shi ne na 2004. Wasu samari 'yan asalin Pakistan suka kashe wani yaro Bature ɗan shekara 15 a nan garin, uku suka gudu Pakistan, kuma babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashen biyu. Sarwar ya sa baki, ya yi ta kai-komo har aka dawo da su aka yanke musu hukunci. Mutanensa ne fa, kuma ya sha barazanar kisa a kan haka. Da dattijon ya zo nan a labarin sai da idonsa ya kawo ruwa.

To ga inda kaina ya ɗaure. A 2013 ya ajiye takardar zama ɗan Birtaniya, ya koma ya zama gwamnan Punjab. Fasfon da mu muke kwana muna lissafin shekarunsa, muna zuba dubban fam a sabunta biza! Ya sauka daga gwamna a 2015, ya sake hawa a 2018 har zuwa 2022. Ɗansa Anas kuma, likitan haƙori, a 2021 ya zama shugaban Labour na Scotland.

Ni kam na gane shi. Shekarata shida ban yi sallar idi a Kano ba. Jiya ma na buɗe ragowar daddawar da Hajiya ta aiko min, na daɗe ina shinshinawa kafin na zuba a miya.

Gargaɗina gare ka, ɗan'uwa mai shirin zuwa: kada ka zo ka raina mai kanti don kana da digiri, a bayan kantar nan ake sanin kowa a unguwa. Kuma in kai ɗan Najeriya ne ko Ghana mai izinin zama, kana da ƙuri'a a nan saboda Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ni tuni na yi rajista, alhamdulillahi, sau biyu ina jefawa.

Ga motata can ta taso, bari in ruga kafin ruwan nan ya jiƙa min shinkafa.