Sharhi: Ba takunkumi ne ya hana mu tafiya ba

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Ɗazu da na biyo ta kasuwar Dole na ga 'yan kabu-kabu kusan kowa da takunkumi a hanci saboda ƙurar hunturu, babu ɗan sanda a kansu babu doka, sai na tuno lokacin korona da wannan ɗan ƙyallen ya zama abin rigima, har ake cewa shi ne ke sa mutum ya zaɓi ƙasar da zai je ko ya fasa. To ni dai ban yarda ba. Mu nan Damagaram rufe baki da hanci ba baƙon abu ba ne, wanda ya tashi yana ganin dattawa da amawali da buzaye cikin rawani ai babet, wato takunkumi, ba za ta tsorata shi ba.

Abin da ya riƙe mutane daban ne. Ranar 19 ga watan Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar a Nijar, aka rufe iyakoki na sama da na ƙasa, aka killace Yamai ba shiga ba fita, masallatai ma aka rufe har abin ya kai ga tarzoma a Mirriya. Jirage sun dawo 1 ga Agusta 2020 amma iyakokin ƙasa sai watan Yuni 2021, kuma kar ku manta Najeriya dama ta rufe nata tun Agusta 2019 kan maganar shinkafa, sai Disamba 2020 ta buɗe iyakokin Maigatari da Illela. Wato ɗan kasuwar da Kano ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, wanda ya saba ya yi sammako ya shiga Kantin Kwari ya saro atamfa ya kwana gida, shi ba zaɓen ƙasa yake ba, neman hanya yake.

Masu jari babba su ne suka yi zaɓe na gaske, kuma a nan darasin yake. Wani alhaji mai shagon wayoyi da muke zama da shi ya shekara da shekaru yana zuwa Gwanzu a ƙasar Sin, sai Sin ta rufe ƙofa ga baƙi a ƙarshen Maris 2020, wanda ma ya samu shiga daga baya sai an kulle shi a otel makonni da kuɗin aljihunsa, kuma ba su janye wannan killacewar ba sai 8 ga Janairu 2023. Dubai kuwa tun 7 ga Yuli 2020 ta buɗe. Ba wai Dubai ta yi sake ba ne fa, a'a, a lokacin can in aka kama ka ba takunkumi tarar dirhami 3,000 ce. Amma alhaji can ya koma. Na tambaye shi dalili, ya ce min malam takunkumi dala nawa ne, ni in sa in shiga kasuwa in gama cikin kwana biyar, ya fi min in zauna a ɗaki ina kallon bango kuɗin mutane na narkewa a hannuna. Kun ji fa. Doka mai tsanani amma a fili, ka san ta tun kana gida, ɗan kasuwa zai ɗauka. Wadda ba ya iya ɗauka ita ce wadda za ta canza kana cikin jirgi, ko takardar gwajin korona na PCR da ka biya jikka 25 na sefa ka tafi Yamai kusan kilomita 900 don ita, jirgi ya yi latti kwanakinta su ƙare a sake sabon lale.

Sai tafiyar da babu zaɓi a cikinta, ita ce ta fi taɓa ni wallahi. Makka ba ta da madadi. A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba, a 2021 mutum 60,000 ne kawai duk mazauna can. Da aka buɗe a 2022 aka ce miliyan 1, da allurar rigakafi da gwaji, kuma wanda ya haura shekara 65 ba shi ciki. Gwaggona ta sayar da shanunta biyu tun kafin cutar, ta ɗinka fararen kayanta ta ninke a akwati, shekaru biyun da aka rufe su ne suka tsallakar da ita wancan adadi. Da aka gaya mata sai ta ce ita ko buhu aka ce ta rufa a kai za ta rufa, a bar ta dai ta ga Ka'aba. Babu wanda ya iya ce mata komai a tsakar gidan.

Allah da ikonsa a 2023 aka cire maganar shekaru, a watan Mayu na shekarar kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa. Gwaggo ta samu ta je, ta dawo da dabino da zamzam da tarin nan na alhazai, kuma duk hotunan da aka ɗauke ta a Mina da takunkuminta a fuska duk da babu wanda ya tilasta mata. Alhajin wayoyi kuwa an buɗe masa Sin, amma ya riga ya yi abokan ciniki a unguwar Deira ta Dubai, har yau can yake saro kaya.